Daminar da Aka Gwada Maganin Kurkunun Inna

Shekarun baya can, tun ana auna tafiya da kwana, tun zamanin da in jirgin ƙasa ya yi kuka a Nguru baƙon ƙauye kan saki kayansa ya nemi wurin ɓuya, aka yi abin nan da zan ba ku labari. Ku gyara zama, ba dogo ba ne, amma ni ya yi mini nauyi shekaru da yawa kafin ya zama abin dariya.

Lokacin ina da aure a Nguru, maigidana yana ɗinkin buhunan gyaɗa a tashar jirgi. Da cikina na fari ya tsufa aka kai ni gida Gashuwa goyon ciki, kamar yadda aka saba. Na sauka lafiya, na yi wankan jego, na gama arba'in. Sai damina ta faɗi da ƙarfi, fadama ta cika, hanya ta yanke. Motar da za ta mai da ni ɗakina ta daina zuwa, na ci gaba da zama wurin mahaifiyata ina jiran ruwa ya janye.

Mahaifiyata mai maganin kurkunu ce. Ku yaran yanzu ba ku san kurkunu ba, Allah kada ya sanar da ku. Ciwo ne mai jiran damina, sai an fara noma yake kayar da mutum. Ƙafa ta yi bororo, ta riƙa zafi kamar an ɗora garwashi, sannan wurin ya fashe, kan wata tsutsa fara ya leƙo, siririya kamar zaren saƙa. A naɗe ta a tsinke, kullum a ja kaɗan, kullum a ja kaɗan. In aka yi gaggawa ta tsinke a ciki, to, mutum ya shiga uku, ƙafar za ta kumbura ta tara ruwa, sai a kira wanzami ya gasa kibiya a wuta ya yi sakiya. Na ga ƙato mai gemu yana kiran uwarsa a hannun wanzami.

Don gudun kibiyar nan ake zuwa wurin Inna. Tana da wata baƙar tukunya da ta gada daga uwarta, mutuniyar Dagona. Ganye take dakawa, iri uku, ta kwaɓa da man shanu, ta bar shi ya kwana a tukunyar, a shafa a bakin ciwon. Ba ta yanka wa kowa kuɗi. Wani ya kawo damin gero in an yi kaka, wani busasshen kifi, wani godiya kawai. Mahaifina ya riga ya rasu, da wannan tukunyar ta riƙe mu, kuma da ita aka san ta tun daga bakin kogi har unguwar Katuzu. Maganarta ɗaya ce kullum: wanda na shafa wa yana riga wanda ban shafa wa ba miƙewa.

Ana nan, ana nan, sai aka kawo sabon malamin asibiti ɗakin shan magani na garin. Saurayi ne dogo, Bakano, mai tsabta kamar an wanke shi da toka. Rannan wani masunci ya je masa da ƙafa duk ganyen Inna. Malam ya duba, ya kawo ruwa ya wanke tas, ya ce, "Wa ya zuba maka miyar kuka a ƙafa?"

Kafin la'asar maganar ta shigo gidanmu da ƙafafunta. Washegari da hantsi Inna ta ɗauki sandarta, ta ce in goya ɗan in biyo ta.

Muka same shi a baranda yana dafa allura. Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo, don Inna ba ta fara faɗa sai ta tambayi lafiyar iyayen mutum. Sannan ta ce, "Malam, an ce ka ɗanɗana miyata. Gishiri ya ji?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna, bakina ne ya yi sauri, ki yafe ni. Amma tsoro nake ji. Ciwo a buɗe, a zuba masa abin da ban san ko mene ne ba."

"Kai mene ne naka maganin?"

"Gaskiya ba ni da shi. Kurkunu ba shi da allura. Wankewa nake yi in ɗaure, in ce a riƙa tace ruwan tafki da ƙyalle kafin a sha."

"To, marar magani ne ke wanke na mai magani?"

Ya yi murmushi. Ya ce, "Inna, da naki da rashin nawa, duk wanda ya yi haƙuri tsutsar tana fita. Ta yaya za mu san ganyen ne ya fitar da ita, ba kwanakinta ne suka cika ba?"

Ban taɓa jin an yi wa mahaifiyata irin wannan tambaya ba. Ita ma ba ta taɓa ji ba, don na ga ta gyara riƙon sanda.

Sai ya kawo shawara. A sami mata goma sha biyu masu kurkunu a unguwarmu, waɗanda kan tsutsar bai daɗe da leƙowa ba. Dukansu a riƙa wanke musu da ruwan maganinsa mai launin makuba, a ɗaure da bandeji. Shida a ƙara musu da ganyen Inna, shida a bar su haka. Kowace a rataye mata igiyar kaba a ɗaki, kullum gari ya waye a yi ƙulli ɗaya, har ranar da tsutsar ta fita duka. A ƙarshe a jera igiyoyin a gani. In na masu ganye sun fi gajarta, ya daina wankewa, da kansa zai riƙa turo mata mutane, har ya rubuta wa manyansa.

Inna ta ce, "Na ji. Ni zan zaɓi shidata."

"A'a, Inna. In kin zaɓa, masu ƙarfin jini za ki ɗauka. In na zaɓa, tsofaffi zan tura miki. Gujiya za ta zaɓa."

Ya ce a zuba gujiya goma sha biyu a ƙwarya, shida ja, shida fara, a rufe da faifai, kowace mace ta sa hannu ta ɗauka ba ta gani. Mai ja a shafa mata, mai fara a wuce ta.

"Magani ya koma caca ke nan," in ji Inna. Ta dube shi sama da ƙasa. Sannan ta ce, "To, ka ji tawa. In igiyar taka ta ce babu bambanci, a gabanka zan fasa tukunyar, kuma hannuna ba zai sake taɓa ƙafar kowa ba."

"Inna, ban ce ki fasa komai ba."

"Ni na ce."

Ni kuwa na san mahaifiyata. Ba ta tofar da yawu ta dawo ta lashe.

To, ga inda na shigo. Malam namiji ne, baƙo kuma, ba ya shiga gidajen matan aure. Inna kuwa ta ce gwiwarta ba za ta iya zagaya gida goma sha biyu kullum ba. Sai aka ɗora mini. Malam ya koya mini wanki da ɗauri da yadda ake juya tsinke, ya ja mini kunne sau uku: mai ja kawai, mai ja kawai, mai ja kawai. Na ce na ji. Har da ɗan fankama a raina, wai ni ce 'yar birni da ta ga jirgi, ni aka ga ta dace da aikin Turawa.

Ranar farko lafiya lau. Rana ta biyu na shiga gidan Iya.

Iya ungozomar unguwarmu ce, tsohuwar Babarbariya, baki gare ta kamar aska. Ita da matar ɗanta duk kurkunu ya kayar da su, suna kwance a rumfa ɗaya, tabarma na taɓa tabarma. Matar ɗan ta ɗauki ja, Iya ta ɗauki fara. Jiya na same ta tana barci, na yi abin da zan yi na sulale. Yau kuwa idonta biyu.

Na yi sallama. Ta amsa da gaisuwar Barebari, ta ce, "Wushe, wushe, likita. Juyo mini da bawan nan nawa in gan shi." Uban ɗana Bafillace ne, don haka, saboda wasan Barebari da Fulani, tun ranar suna take kiransa bawanta. Ta ja masa kunne, ta ce ya yi ramar Fulani, a ba shi kifi ko ya zama mutum. Na wanke mata ƙafa na ɗaure. Na juya na wanke wa surukarta, na buɗe ƙoƙon ganye na fara shafawa. Ƙamshin ya tashi. Ban ɗaga kai ba, amma ina jin idon Iya a ƙeyata.

"'Yar nan."

"Na'am, Iya."

"Tawa ƙafar ta jaki ce?"

"Iya, ai fara kika ɗauka."

"Fara na ɗauka. To, madalla. Ranar da uwarki ke naƙudarki, kwana biyu ina durƙushe, gujiya na ɗauka kafin in yanke miki cibi? Watannin baya da kike ihu kina cewa Iya ki cece ni, ƙwarya na kawo na ce ki sa hannu?"

Surukarta ta toshe baki da zane tana dariya. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Ku gane, mu yadda aka tashe mu, ko ƙanzo kake ci wani ya shigo sai ka ce bismilla. Ba a wuce mai jin ƙishi da tulu a ka. Balle magani, balle tsohuwar da ta ga tsiraicinka tun ba ka san kanka ba. Na ce a raina, ɗan kaɗan ne, mutum ɗaya ce, igiya ɗaya ba za ta ɓata goma sha ɗaya ba. Na lakato da ɗan yatsa na shafa mata, na naɗe da bandeji.

Na ce, "Iya, don Allah kada kowa ya ji."

Ta ce, "Haba, ni da nake binne mabiyiya, ni za a koya wa rufin asiri?"

Washegari na shiga gidan wata mai ƙosai, ita ma fara ta ɗauka. Tun kafin in durƙusa ta miƙo ƙafa ta ce, "A yi mini irin na Iya." Ta gaba ta ce ita ƙawar goggona ce. Ta gaba kuka kawai take yi don zafi, ga 'ya'ya ƙanana, ga gonarta ciyawa ta cinye. Wannan ba ta roƙe ni ba, ni na buɗe ƙoƙon da kaina. Kafin Juma'a ta zagayo, babu ƙafar da ba ta sha ganyen Inna ba a cikin goma sha biyun.

Kowace Asabar nakan tsaya a barandar Malam in ba shi labari. Ya ce, "Mai ja kawai ko?" In ce, "Mai ja kawai, Malam." Ya rubuta a takardarsa, ya ce Allah ya yi mini albarka. Albarkar nan takan tsaya mini a wuya har in isa gida. Amma don wautata, ban ga inda abin zai kai ba. Ni a lissafina, kowa zai warke da wuri, Malam ya ga ganye ya yi aiki, a tashi lafiya. Ban gane cewa in babu wadda aka hana, babu wadda za a gwada da ita ba.

Kwanci tashi, gero ya fitar da kai, ta ƙarshe ta rabu da tsutsarta. Aka sa rana. Da hantsi Malam ya zo zauren gidanmu, mai unguwa ya zo shaida, mata suka cika tsakar gida suna leƙe ta jikin zana. Na kawo igiyoyin. Malam ya shimfiɗa su a tabarma, na masu ja a dama, na masu fara a hagu. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Ko ni da ban san baƙi ba, ido ya gaya mini. A dama akwai doguwa akwai gajera, a hagu akwai doguwa akwai gajera. Kamar 'ya'yan ciki ɗaya.

Malam bai yi murna ba, wannan zan shaide shi har gaban Allah. Ya sassauta murya ya ce, "Inna, ga shi kina gani. Wadda aka shafa wa da wadda ba a shafa wa ba, tafiyarsu ɗaya. Amma maganar tukunya a bar ta, ni ban riƙe ki da ita ba."

Mai unguwa ma ya ce a bar ta. Inna ba ta dubi kowa ba. Ta ce, "'Yar nan, ɗauko mini."

Daga zaure zuwa ɗakin Inna bai fi taku ashirin ba, amma ban taɓa yin tafiya mai nisansa ba. Na ɗauko tukunyar, bakinta ya yi santsi don hannun kakata da na uwata. Ina tafe ina gaya wa kaina, in na yi shiru babu mai tona ni, matan nan duk da su aka ci. In na yi magana, na zama maƙaryaciya a gaban mai unguwa da baƙo, kuma labari zai riga ni isa Nguru, ya shiga kunnen dangin miji. Na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta miƙe ba tare da sanda ba, ta nufi dutsen da ke bakin ƙofa, ta ɗaga.

Na ce, "Inna, dakata."

Muryar ta fito kamar ta ɗan tsako. Inna ta tsaya, tukunya a sama, ba ta juyo ba.

"Duk na shafa musu."

Malam ya ce, "Su wa?"

"Duka goma sha biyun."

"Tun yaushe?"

"Iya tun rana ta biyu. Sauran kafin sati."

Sai muryar Iya ta taso daga bayan zana: "Ni na sa ta! In alƙali za a kai mutum ni za a kai, amma a zo da jaki, ƙafar ba ta gama ƙwari ba. Kai kuma ɗan Kano, a garinku haka ake yi, a ba wannan a hana wannan suna kwance rumfa ɗaya? Allah ya kiyashe mu da zuwa Kano!"

Mai unguwa ne ya fara fashewa. Malam ya cire hula, ya dafe kai, ya dubi igiyoyinsa, ya dubi takardarsa, sai shi ma dariya ta kama shi har da hawaye. Ya ce, "Wata biyu! Wata biyu ina gwada tuwo da tuwo in ga wanne ya fi!"

Da ya natsu ya ce, "Inna, sauke tukunyar nan. Igiyar ba ta ce yana yi ba, ba ta ce ba ya yi ba. Ba ta ce komai ba. Ba a yi gwaji ba, don haka alkawarinki bai hau kanki ba." Mai unguwa ya ce haka ne. Sannan Malam ya juyo gare ni, dariyar ta tafi. Ya ce, "Shafawar ban ga laifinki sosai ba, ni ne na raba mutanen da ke ci a akushi ɗaya. Amma kowace Asabar da na tambaye ki, da kin faɗa." Wannan ta fi mari zafi. Na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce.

Inna ta sauke tukunyar a hankali, ta rungume ta, ta shige gida. Kwana uku ba ta ce mini komai ba sai "yaron nan na kuka" da "rufe miyar nan".

Malam ya ce baɗi za a sake, amma gari da gari, a shafa wa na wannan ƙetaren kogi a bar na wancan, yadda ƙoƙo ba zai yi tafiya ba. Baɗin ba ta same shi a Gashuwa ba, an sauya masa wurin aiki. Wanda ya gaje shi bai damu da igiya ba. Inna ta ci gaba da shafe-shafenta har ƙarfinta ya ƙare, sai dai ta ƙara abu biyu: takan wanke ciwo da ruwan da aka tafasa kafin ta shafa, kuma ban sake jin ta ce wanda ta shafa wa yana riga wani miƙewa ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Muna shafawa, Allah na warkarwa."

Da ruwa ya janye mota ta fara zuwa, ta rako ni tasha, ita da sanda ni da goyo. Muna tafe sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ƙafa shida turmi ɗaya suke ci. Tun sati na biyu turmi biyu nake daka miki. Ba ki taɓa tambayar kanki me ya sa ƙoƙon ba ya ƙarewa ba?"

Na tsaya cak a tsakiyar hanya. "Inna, ashe kin sani?"

"Tun ranar da kika dawo daga gidan Iya kina kallon ƙasa. Ni ma da ni na shiga, ba zan iya wuce ta ba. Shi ya sa na ce gwiwa. Na ɗauka zaman Nguru ya busar miki da ido, ashe ke ma tawa ce."

"To, kin san ba a yi gwaji ba, don me za ki fasa?"

"In na buɗe baki na ce ba a yi ba, me na gaya wa baƙo? Na ce 'yata ta yi masa ƙarya. Wannan magana taki ce, ba tawa ba. In kin faɗa kin faɗa. In ba ki faɗa ba, tukunya ce, ƙasa ce."

"Da gaske da kin sake ta?"

Ta ce, "Hau mota kada a cika a bar ki a kan buhu."

Yau kurkunu ya zama labari, rijiya da famfo suka kore shi, ba ganye ba, ba kibiya ba. Jikata mai rubuta muku wannan aikin asibiti ta karanta. Da na ba ta labarin ta ce ai a can ƙasar Japan har yanzu haka likitoci ke yi wa magungunan kakanninsu, na saiwa da ganye, da wata irin sakiyarsu ta allura siririya wadda ba wuta ba magani a cikinta. A raba marasa lafiya biyu da ƙuri'a, a ba waɗannan na gaske, a ba waɗancan mai kama da shi, har wata allurar ma taɓa fata kawai take yi ba ta shiga, don kada kowa ya san rabonsa balle ya roƙi na maƙwabci. Na ce lalle sun taɓa haɗuwa da irin Iya.

Na yarda Malam yana da gaskiya. Abin da za a sa wa jikin mutum ya kamata a san ko yana yi, kuma ni ce na hana a sani. Wannan na ɗauka, ban ɗora wa kowa ba. Jikar tawa ta matsa mini, wai Kaka, ke a zuciyarki, maganin yana aiki ko ba ya yi? Na ce ban sani ba, kuma na daina jin kunyar cewa ban sani ba. Wanda na sani, na gani da idona a bakin ƙofar zaure: mace tsaye ba sanda, abincinta da sunanta da gadon uwarta a sama da kanta, tana jira ta ji ko 'yarta za ta yi magana. Allah ya sa na yi kafin hannunta ya gaji. Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan Iya, Malam ma in ya riga mu Allah ya haskaka makwancinsa.